Jajayen Ƙwai a Ramin Dutse

Da na ji an ce masu aikin hanya za su sa wa dutsen bayan tsohon ƙauyenmu nakiya, su farfasa shi su shimfiɗa wa mota, sai na ture kwanon tuwona gefe. Jikokina suka yi ta dariya, wai Kaka tana makokin dutse. Ban ga laifinsu ba. Su yaran yanzu an rataya musu takarda a bango, kalanda suke ce mata, ita ke gaya musu ranar Ista, wato sallar tashin Almasihu, tun kafin shekara ta kama, kuma idan ranar ta zo ga ƙararrawa tana ta ƙara a majami'ar baƙin da suka zo haƙar zinariya, ko kurma ya san an tashi. Mu a zamaninmu babu takarda, babu ƙararrawa, babu ma wani gida na biyu da ke yin wannan salla a duk faɗin dajin Birnin Gwari. Gidanmu ne kaɗai, kuma kalandarmu wannan dutsen ne da za a fasa.

Baba ɗan dajin nan ne, amma ba a nan ya girma ba. Yana yaro mahara suka ɗauke shi a bakin gona tare da uwarsa, aka raba su a kasuwar farko, bai ƙara ganinta ba. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har can kudu inda manyan koguna biyu suka haɗu. A nan wani malami baƙar fata, wanda shi ma ya taɓa ɗanɗana igiya a wuya, ya fanshe shi, ya koya masa sassaƙa, ya kuma koya masa labarin Almasihu. Da ya kawo ƙarfi sai ya biyo ayarin fatake ya dawo neman uwarsa. Bai same ta ba, ya sami Inna, Bagwariya mai dariya kamar ana zuba gero a ƙwarya, ya zauna. Ni ce 'yar fari, ya sa mini sunan uwar tasa, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Mutanen ƙauye suna ganin ya dawo da baƙon abu a kansa, amma turmin da ya sassaƙa ba ya tsagewa, kuma ba ya cin amana, sai suka ƙyale shi da addininsa. Liman ma idan sun haɗu a hanya yakan ce masa, "Masassaƙi, yaushe za ka zo mu buɗa maka wuri a sahu?" Baba ya ce, "Ranar da ka daina karya ƙotar fartanya, Malam, ka ga na sami lokaci." Su yi dariya kowa ya wuce.

Sallar Tashi yake ce wa ranar, kuma gano ta aiki ne. Dutsen nan kansa a rabe yake gida biyu, da tsaga a tsakiya, daidai yadda mutum zai ratsa a karkace. A gabansa ta yamma akwai wani faffaɗan dutse mai kama da kujera. Idan sanyi ya wuce, ɗorawa ta zubar da jajayen tuntunta, zafin bazara ya fara sa kare zaro harshe, sai Baba ya fara hawa can kowace asuba ya zauna a kan kujerar yana fuskantar gabas. Da fari rana takan fito ta bayan ɓangaren dama, kujerar tana cikin inuwa. Kullum tana ɗan matsowa, har wata safiya ta ɓullo ta tsakiyar tsagar. To, daga ranar nan sai a jira wata ya cika, Lahadin da ta biyo bayan cikarsa ita ce sallar. Idan kuwa wata ya riga ya cika kafin rana ta shiga tsagar, babu makawa sai an jira cikar wani watan. Haka malaminsa ya koya masa, shi kuma ya nemo dutsen da zai riƙe masa ƙa'idar. Har yanzu idan na rufe ido ina jin safiyar wurin: fakara tana kiran 'yan'uwanta a cikin ciyawa, gwaggon biri yana yi mana tsawa daga sama kamar mun taka masa gona, can nesa Fulani suna kora shanu zuwa gulbi, ƙasa kuma a ƙauye taɓarya ta fara amsa wa taɓarya.

Ita sallar kanta, idan na ba yaran yanzu labarinta sai su ce wasan yara ne, kuma da gaskiyarsu, don saboda yara Baba ya tsara ta haka. Ranar Juma'a ba a hura wuta a gidanmu. Da la'asar sai mu hau dutsen gaba ɗaya, Baba ya naɗe wani ɗan itace a cikin farin ƙyalle, ya sa a wani ƙaramin rami da ke gindin tsagar, ya toshe bakin da dutse, mu sauko shiru babu mai waƙa. Asabar mu wuni sukuku. Ni da na yi wayo na san cewa a ranar ce Inna ke zagawa da sunan neman itace, ta cire ɗan itacen nan, ta ninke ƙyallen, ta jera dafaffen ƙwai a kai, wanda ta rina ja wur da karan dafi. Lahadi da asuba sai mu koma. Yara su taru su tura dutsen, Baba yana taimaka musu da ƙafa a ɓoye, suna nishi kamar su suka yi aikin. Sai ya tambaya da babbar murya, "Wa kuka samu a ciki?" Mu kuwa mu kwashe da ihu, "Babu kowa! Ya tashi!" Daga nan sai ƙwai, sai zuma, sai waƙa da wani harshe da babu mai jinsa sai shi kaɗai, mu wuni a nan ƙarƙashin ɗorawa har rana ta yi sanyi. Kuma akwai doka guda: yaron da aka yaye a shekarar, shi ne zai fara zura hannu a ramin. Na yi nawa, ƙanena ya yi nasa.

Kaka, uwar Inna, ita ce ba ta taɓa yarda da zancen ƙwan nan ba. Kowace shekara sai ta sauke kayan da ke kafaɗarta a ƙofar gida ta ce, "Ku dai ci gaba da ba yara ƙwai. Duk yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, tun kakanninmu haka aka sani." Baba ya ce, "Iya, sau ɗaya ne fa a shekara." Ta ce, "Ɓarawo ma ba kullum yake fita ba." Amma ita ce ke kawo karan dafin daga gonarta, a ƙulle a gefen zane, ta ajiye a kan turmi ta yi kamar mantuwa ta yi. Mukan yi mata dariya. Daga baya na daina, don maganarta ta kama ni ta inda ba ta zata ba. Ni ban taɓa satar ƙwai ba, abin da na sata ya fi ƙwai.

Idon Baba ya fara lalacewa tun ina goyon ƙanena, irin ciwon nan na waɗanda suka daɗe a bakin kogi. Kafin a haifi autanmu ya rufe gaba ɗaya. Ya bar turmi ya koma sassaƙa muciya da ludayi da laluben hannu, ni kuma na zama 'yar jagorarsa zuwa dutse. In riƙe kan sanda ya riƙe gindi, in zaunar da shi a kujerarsa, in tsaya a bayansa. Idan gabas ta yi ja sai ya ce, "Uwata, ina take?" In ce tana bayan dutsen dama, saura kamu uku, saura kamu biyu. Ranar da na ce ta shiga, sai ya ɗaga hannu biyu sama ya yi godiya, mu sauko yana waƙa. Shekara biyu na yi wannan aiki da gaskiya, ina jin kaina kamar wata babba, don ni nake riƙe da ranar gidanmu.

A shekara ta uku na kai lokacin da yarinya ke daɗewa tana kallon fuskarta a ruwan tulu. 'Yan matan ƙauye sun sa mini suna 'yar masu jan ƙwai, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa. A wannan bazara sarkin ruwa ya sa aka yi shela cewa za a yi su a babban gurbin gulbi, wato kamun kifin gayya da ake yi idan ruwa ya ja baya, ƙauyuka bakwai su haɗu da makaɗa, maza da koma, mata da kwanduna. Ba kowace shekara ake yi ba. Ƙawayena suka fara kitso tun saura kwana goma, Kaka ta ba ni wani sabon zane baƙi mai ratsin fari. Da na lissafa da yatsu sai na ga ranar kamun kifin ita ce Lahadin da ke bin cikar wata, kuma 'yan mata da asuba za su kama hanya. Idan rana ta shiga tsaga kafin watan ya cika, to ina kan dutse ina ɓare wa yara ƙwai sa'ad da ake kaɗa ganga a gulbi. Kuma a shekarar ne aka yaye auta. Tun da aka gaya masa shi ne mai zura hannu bana, ya hana kowa sakat. Ya buɗe tukunya ya leƙa ya ce, "Babu kowa, ya tashi!" Ya ɗaga akurkin kaji ya maimaita. Har takalmin Baba ya leƙa. Baba kuwa yana ta tari tun cikin sanyi, amma idan ya ji muryar yaron sai ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi.

Saura kwana biyar wata ya cika, rana ta ɓullo ta tsakiyar tsagar, ja kamar garwashi, babu ko tantama. Baba ya ce, "Uwata, ina take?" Ban shirya ƙaryar ba, wallahi, ita ta fito da kanta. Na ce, "Tana bayan dutsen dama, Baba. Saura kamu ɗaya." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, daga goshi zuwa gemu, ya ce, "Kin duba da kyau?" Na ce, "Na duba." Ya ce, "To, mu sauka." Washegari na ce saura ɗan yatsa huɗu. Jibi na ce akwai hazo. Ƙarya ta farko ce mai wuya, sauran kamar gangara suke. Kwana biyar ina ja masa sanda zuwa wurin nan, ina tsayawa a bayansa rana tana kallona ido cikin ido, ina cewa ba ta iso ba. Sai da wata ya cika ya kwana, sannan a safiya ta shida na ce, "Baba, yau ta shiga." Bai ɗaga hannu ba. Ya ce, "Ashe bana sai wani watan. Allah ya kai mu." Muna cikin saukowa ya tsaya ya huta, ya ce, "Tun da haka ne, Uwata, babu abin da zai hana ki zuwa su. Ki kawo mini tarwaɗa, na daɗe ban sha romonta ba." Na ji daɗi har na kusa sakin sandar. Kunyar wannan jin daɗin ba ta sake ni ba har yau.

Inna ta yi ɗan gunaguni, ta ce ƙwan da ta tara ba zai kai wani wata ba, ta mayar wa kaza ta kwanta a kai. Auta ya yi kuka, aka rarrashe shi da cewa saura kaɗan. Ni kuwa na tafi su, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na more. Na shiga ruwa har wuya, na yi rawa har zanen Kaka ya yi kaca-kaca da laka, babu wadda ta kira ni 'yar masu jan ƙwai a ranar. Na dawo da tarwaɗa biyu. Inna ta yi romo da daddawa, Baba ya kurɓa sau uku ya ajiye ludayin, ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Ya sa na ba shi labarin komai, wa ya kama babba, wa ya faɗi a laka, me makaɗa suka ce. Ina ba shi yana murmushi yana gyaɗa kai, ni kuma ina cewa a raina ai babu abin da ya ɓaci, wata ɗaya kamar gobe ne.

Ruwan farko ya sauka bayan mako biyu, ya zo da sanyi, tarin ya koma ƙirji. Baba ya kwanta. Kaka ta kawo saiwoyi, wata Bafillatana ta kawo man shanu, liman da kansa ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya yi masa sannu. Kazar Inna ta ƙyanƙyashe, 'yan tsaki suna ta bin tsakar gida, auta yana bin su. Sau biyu na shiga ɗakin da niyyar in faɗa masa, sau biyu na fito da kwanon kunu ban ce komai ba. Wata la'asar ya kira ni ya ce, "Watan ya kai ina?" Na ce saura kwana shida ya cika. Ya ce, "Ya yi mini nisa." Ya laluba ya kama hannuna ya ce, "Ki kai yaron nan ya zura hannunsa. Kada ki bari ya wuce shi." Na ce to. Kafin rana ta faɗi Baba ya cika. Maƙwabta suka haƙa masa kabari a gindin dutsen, aka sa shi babu mai sanin addu'ar da ake yi wa irinsa, sai Inna ce ta yi ɗan abin da ta riƙe na waƙar nan tasa.

A rana ta uku ina surfe, auta ya zo ya ja mini zane. Ya ce, "Yaya, yau kwana uku. Mu je mu tura dutsen Baba mu gani." Na saki taɓarya na shiga bayan rumbu na toshe bakina da zane. Shi lissafinsa daidai ne, abin da aka koya masa ke nan. Alkawarin da na ɗauka ma ban cika ba, don kafin Lahadin ta zo labari ya iso cewa mahara sun ƙone wani ƙauye a yamma da mu. Muka kwashe abin da ya samu muka shige cikin ganuwar birni, kuma ba mu ƙara komawa zama a ƙauyen ba. Ƙannena suka girma a hannun mutanen kirki, suka musulunta, suka zama dattawa masu mutunci, ban taɓa jin haushin wannan ba. Amma na taɓa tambayar auta, yana da furfura a lokacin, ko yana tuna jan ƙwai. Ya yi tunani ya ce, "Wane irin ƙwai kuma, Yaya?" Har ya rasu hannunsa bai shiga ramin nan ba, kuma bai san an taɓa yi masa alkawari ba.

Shekara da shekaru abin da ke cina shi ne na yaudari makaho, ya tafi kabari yana ganin 'yarsa mai gaskiya ce. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa mijina ba. Yanzu nawa idon ya bi na Baba, ba na bambanta mutum da kututture sai ya yi magana. Da zancen nakiyar nan ya zo, na matsa wa jikata, wadda ta fi sauran haƙuri da ni, na ce sai ta kai ni. Bazara ce, ɗorawa ta zubar da tuntunta. Muka kwana a wani ƙauye kusa, da asuba ta ja mini sanda muka hau, tana mita ina haki. Fakara tana nan, amma birai sun gudu. Na laluba na sami kujerar, ban taɓa zama a kanta ba sai ranar, don wurin Baba ne, ni a baya nake tsayawa. Dutsen da sanyi, iska da sanyi, na ƙudundune cikin mayafi ina jira. Can sai na ji wani ɗumi ya sauka mini a goshi, ya gangaro kan fatar ido, ya kama kumatu, kamar an buɗe murfin tukunya a gabana. Ban san sa'ad da hannuna ya tashi ya shafa fuskata ba, daga goshi zuwa haɓa. A nan hannun ya tsaya.

Na ce, "Ke, ina take?"

Yarinyar ta ce, "Ga ta a tsakiyar tsagar, Kaka. Ba ki ji ba? Ai duk ta haske miki fuska."

Na ji. Shi ma ya ji. Bai taɓa bukatar idona don ya san rana ta shiga ba, hanya kawai nake nuna masa, tambayar kuwa yana yi ne don in koyi riƙe ranar bayan ba shi. Safiya biyar tana dukan fuskarsa ina tsaye a bayansa ina cewa saura kamu ɗaya, ya san kuma tarin da ke ƙirjinsa, ya auna sallarsa ta ƙarshe da rawar yarinya a bakin gulbi, ya ce in kawo masa tarwaɗa.

Na sa jikata ta nemo ramin. Ta ce yana nan, dutsen bakinsa ya gangara gefe, ciyawa ta rufe shi. Na durƙusa da ƙyar na zura hannu har gwiwar hannu, ina laluben ƙasa mai sanyi. Ta ce, "Kaka, me kike nema? Babu kowa a ciki fa." Rabin amsar nan tamu ke nan ta faɗa, ba ta sani ba.